RENON YARO KURMA DA DASHEN NA'URAR JI: JAWABIN IYAYE A TARON ƘUNGIYA



Masu girma Sarakunan Hausawa na Fatakwal da Anacha da Inugu, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Shugabannin ƙungiya, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwa da abokan arziki, muna yi wa kowa barka da zuwa, da fatan kun baro iyali lafiya.

Mu da muka nemi a ba mu wannan fili iyaye ne na yara kurame daga garuruwan nan uku. A cikinmu akwai waɗanda aka yi wa 'ya'yansu dashen na'urar ji, akwai masu haɗa kuɗin aikin, akwai kuma waɗanda likita ya ce aikin ba zai amfani ɗansu ba. Mun zo ne mu faɗa muku abin da muka gani da abin da likitoci suka koya mana, domin tun da labarin wannan na'ura ya bazu a unguwanninmu, daga Ama Hausa zuwa Bida Road har Diobu da Oyigbo, tambayoyi suka yi yawa, kuma an fara kawo wa ƙungiya takardun neman taimako. Kafin a taɓa asusu ya kamata kowa ya san abin da ake magana a kai.

Bari mu fara da yadda ake gane matsalar, don a nan ne muka fi yin asara. Jariri kurma yana kuka, yana dariya, har gwalan-gwalan yana yi a watanninsa na farko kamar kowane jariri. Saboda haka uwa ba ta ganin komai. In an buga ƙofa ya juya, sai a ce ai yana ji, alhali girgizar ƙasa ce ya ji a jikinsa, ko inuwar mai shigowa ya gani. Ya shekara 2 bai ce "baba" ba, sai kaka ta ce ubansa ma sai da ya yi wayo ya yi magana. Mu kuma mazauna nan muna da wani uzuri da 'yan'uwanmu na gida ba su da shi. Sai mu ce harsuna ne suka yi wa yaro yawa: Hausa a ɗaki, Ibo a tsakar gida, buroka a bakin titi, Larabci a Islamiyya. Jama'a, yaro mai lafiyar kunne yana ɗaukar harshe 2 ko 3 tare ba tare da bakinsa ya ɗaure ba, kuma kowa a nan ya ga haka a gidansa. In yaro bai firgita da ƙara mai ƙarfi ba yana jariri, ko ya kai wata 6 ba ya waiwayar murya, ko ya shekara bai san sunansa ba in an kira shi ta baya, to asibiti za a nufa. Yanke beli ko linzamin harshe ba ya buɗe kunne, haka ma ɗiga mai ko ruwan ganye a ciki, sai dai ma ya ƙara ɓarna.

Likitocin kunne suna da ƙa'ida mai sauƙin riƙewa, 1 da 3 da 6. A gwada jin jariri kafin ya cika wata 1, in akwai shakka a tabbatar kafin wata 3, a fara taimaka masa kafin wata 6. Gwajin farko ba ya da zafi, ɗan abu ne ake sa wa a kunne jariri na barci, cikin mintoci an gama. A Legas, a shekarun 2005 da 2006, Dakta Bolajoko Olusanya ta nuna cewa ana iya yin wannan gwaji a wurin da mata ke kai jarirai allurar rigakafin farko, ko da a gida aka haife su. Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin matanmu da yawa gida suke tafiya haihuwa da wankan jego, su dawo da jariri ya yi wata 3 ko 4 ba wanda ya duba kunnensa.

Me ke kawo kurumta? Wata gado ce, kuma takan fi fitowa inda auren zumunci ya yi yawa, ko da uwa da uba duk suna ji. Wata daga ciki take, kamar in mai juna biyu ta kamu da ƙyandar Jamus. Wata a wurin haihuwa, in naƙuda ta yi tsawo jariri bai yi numfashi da wuri ba, ko shawara ta yi masa tsanani a makon farko aka tsaya shanya shi a rana. Wata kuma daga baya, ta hanyar ƙyanda, ko hangum, ko ciwon kunne mai ruwa da aka bari ya daɗe, ko allurai irin su jentamaisin da ake yi wa yara a kemis ba da awon likita ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara ana iya hana ta. Ta kuma ƙiyasta cewa yara miliyan 34 ne a duniya ke da raunin ji da ke buƙatar kulawa.

Sanƙarau kuwa sai mun ware masa magana. Dattawan da ke nan ba su manta da 1996 ba, shekarar da sama da mutum 100,000 suka kamu a ƙasar nan, sama da 11,000 suka rasu, akasari a Arewa. Da yawa daga waɗanda suka tashi, sun tashi ba ji. Muna zaune a Kudu inda cutar ba ta cika yin annoba ba, amma 'ya'yanmu suna zuwa gida hutu da biki da karatun allo, sau da yawa a tsakiyar bazara lokacin da take tashe. An fara rigakafin MenAfriVac a Nijeriya a 2011, kuma a 2024 ƙasar nan ce ta fara amfani da sabuwar allura mai kare nau'i 5 na cutar. Kada yaro ya hau mota zuwa gida katin rigakafinsa bai cika ba. In kuwa ya yi sanƙarau ya warke, a gwada jinsa cikin makonnin farko, kada a jira. Dalili shi ne bayan wannan ciwo ƙashi kan fara tsirowa a can cikin kunne ya toshe gurbin da ake zura wayar na'ura, wani lokaci cikin 'yan makonni ko watanni. In ya toshe, aikin ya yi wuya, ko ma ya gagara.

To, mece ce ita wannan na'ura? Can cikin kunne, bayan dodon kunne da ƙananan ƙasusuwa 3, akwai wani gurbi mai naɗi kamar katantanwa, girmansa bai wuce ƙwayar wake ba. A cikinsa akwai 'yan ƙwayoyin halitta masu gashi, wajen 16,000, su ne ke mayar da motsin sauti ya zama saƙon da jijiyar ji ke kai wa ƙwaƙwalwa. In suka mutu ba sa sake tsirowa. Na'urar ƙara ji da muka saba gani a kunnen tsofaffi lasifika ce ƙarama, tana ɗaga murya ne kawai, don haka sai da sauran ƙwayoyin nan take amfani. Ita kuwa na'urar dashe, wadda likitoci ke kira kokliya implant, tana tsallake su ne gaba ɗaya. Kashi 2 ce. Na ciki likita ke dasawa ƙarƙashin fata a bayan kunne, ya zura wata siririyar waya mai maɓallai 12 zuwa 22 cikin katantanwar. Na waje ana rataya shi a kunne, yana da makirfo da batir, yana kuma manne da na ciki ta hanyar mayen ƙarfe. Na waje ya ɗauki sauti ya mayar da shi saƙon lantarki, ya tura ta cikin fata, wayar ta taɓa jijiya, jijiya ta kai ƙwaƙwalwa.

Abin ba sabo ba ne a duniya. Dakta William House ya fara gwada shi a Los Angeles ta Amurka a 1961. A 1977 aka dasa irin mai maɓallai da yawa a Biyana ta ƙasar Ostiriya, wadda Ingeborg Hochmair da Erwin Hochmair suka ƙera, sannan a 1978 Farfesa Graeme Clark ya yi nasa a Melbon ta Ostireliya. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince a yi wa yara 'yan shekara 2 a 1990, ta sauko zuwa wata 12 a 2000, sannan wata 9 a 2020. Ya zuwa ƙarshen 2019 an dasa sama da 700,000 a duniya. Manyan kamfanonin da ke yin ta su ne Cochlear da MED-EL da Advanced Bionics. A Nijeriya ma an yi aikin a Jos da Legas da Abuja, wasu kuma sukan fita Indiya ko Masar.

Ga wanda zai fara neman bayani, ba sai ya tsallaka Binuwai ba. Akwai sashen kunne da hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Nijeriya da ke Ituku-Ozalla kan hanyar Inugu zuwa Fatakwal, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Fatakwal, da na Jami'ar Nnamdi Azikiwe a Nnewi kusa da Anacha. A gida kuma akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, wadda aka kafa a 1999, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Daga nan ne za a auna yaro a faɗa wa iyaye mataki na gaba.

Ba kowane kurma ake yi wa dashe ba. Sai wanda kurumtarsa ta yi tsanani, aka kuma gwada masa na'urar ƙara ji na wasu watanni ba ta wadatar ba. Sai an ɗauki hoton cikin kunne da na ƙwaƙwalwa an ga katantanwar a buɗe take, jijiyar ji kuma tana nan. Sannan sai a dubi shekaru, a nan ne kuma gizo ke saƙar. Sashen ƙwaƙwalwa da aka tanadar wa ji ba ya zaman jira. In sauti bai zo masa ba, sai gani da taɓi su karɓe wurin. Binciken masana ya nuna cewa yaron da aka haifa kurma ya fi cin moriya in an yi masa kafin shekara 3 da rabi, bayan shekara 7 kuwa amfanin yakan ragu ƙwarai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma wanda ya riga ya iya magana kafin ciwo ya ɗauke masa ji, hukuncinsa daban ne, ko babba ne yana iya amfana sosai, domin ƙwaƙwalwarsa ta san murya. Muna roƙon 'yan kwamiti su riƙe wannan bambanci. Saurayi ɗan shekara 15 da bai taɓa ji ba, in aka tara masa miliyoyi aka dasa, zai ji ƙarar mota da bugun ƙofa, amma da wuya ya kama zance. Kuɗin nan in an sa su a karatunsa da sana'arsa sun fi yi masa rana.

Aikin kansa yakan ɗauki awa 2 zuwa 3, an sa yaro barci, kuma ba a daɗewa a asibiti. Yana da haɗarinsa kamar kowace tiyata: rauni na iya ruruwa, ana iya samun jiri na kwanaki, jijiyar da ke motsa fuska tana wucewa kusa da wurin, ɗan sauran jin da ke kunnen yana iya tafiya, na'urar ciki ma takan lalace jefi-jefi a sake aiki. Ana kuma so a yi wa yaro rigakafin ƙwayar nimoniya kafin aiki, don mai dashe ya ɗan fi sauran yara haɗarin sanƙarau. Likita nagari zai zaunar da kai ya faɗa maka duk wannan. Wanda ya ce maka babu wani haɗari, kuma yaro zai fito yana magana, ka riƙe kuɗinka.

Ba a kunna na'urar sai rauni ya warke, mako 2 zuwa 4 bayan aiki. Kun sha ganin bidiyo a WhatsApp da Facebook, an kunna, jariri ya ji muryar uwa ya yi murmushi, kowa na hawaye. Akwai irin wannan, amma mu abin da muka fi gani shi ne yaro ya tsorata ya fashe da kuka, ko ya fizge abin ya jefar, ko ya ci gaba da wasansa kamar ba a yi komai ba. Manya da aka yi wa sun ce da farko muryoyi kamar rediyon da bai kama tasha ba suke. Ƙwaƙwalwa ce ke koyon fassara a hankali. Shi ya sa ake ƙirga wa yaro shekarun ji daban da na haihuwa. Ɗan shekara 2 da aka kunna masa yau, a wajen ji jariri ne ɗan kwana 1. Jariri mai ji ma sai ya yi kusan shekara yana saurare kafin ya furta kalmar farko, to kada a ƙosa.

Daga ranar nan aiki ya dawo gida, kuma gaskiya a kan iyaye mata ya fi faɗawa. Kullum da safe a duba batir, a duba waya, a manna. A tsaya bayan yaro a furta sautuka 6 da masu koyar da magana ke amfani da su, wato "mm" da "uu" da "aa" da "ii" da "sh" da "ss", a ga ko yana amsawa. In jiya ya ji "ss" yau bai ji ba, akwai abin da ya taɓu. Na'urar ta zauna a kansa duk lokacin da idonsa biyu. Sannan a yi ta yi masa magana, ana wanke-wanke ana faɗa, ana tuƙa tuwo ana faɗa: ga ludayi, ga murfi, ruwa ya tafasa, wa ke sallama? A kira sunan abu, a dakata, a ba shi dama ya gwada. Kawaici da kunyar ɗan fari da muka gada suna da kyau a wurinsu, amma uwar da ba ta kiran sunan ɗanta, ba ta hira da shi a gaban mutane, dole ta sassauta saboda wannan yaro, kuma surukai su ba ta uzuri. Ku kuma iyaye maza da ke fita kara ko kasuwa tun asuba sai bayan isha, a samu ko rabin awa ne a zauna da shi, domin muryar namiji daban take da ta mace, yana buƙatar ya san duka.

Wane harshe za a yi masa? Mai koyar da maganar da za ka samu a nan da Turanci zai yi aiki, wataƙila ma ya ce a daina Hausa a gida. Mu shawararmu, uwa ta yi harshen da ta fi iyawa. Hausa cikakkiya mai tatsuniya da wasa da zolaya ta fi guntun Turancin da za a yi ta maimaita kalma 20. Abin da aka koyar a asibiti a dawo gida a juya shi da Hausa. Sai dai a lura da abu guda. Harshenmu yana da karin sauti, hawa da saukar murya na canza ma'ana: kukan yaro da kukar miya, wuyan riga da wuyar aiki. Na'urar ba ta kai kunnen halitta wajen rarrabe wannan hawa da sauka ba, an kuma ga haka a yaran ƙasar Sin masu irin wannan harshe. Maganinsa a riƙa sa kalma cikin jimla, kada a jefa ta ita kaɗai, kuma kada a yi wa yaro dariya in karin maganarsa ya karkace.

Zamanmu a nan ma yana da nasa sharuɗɗa. Laima da gumi abokan gabar na'urar waje ne, ga ruwan Fatakwal da ba ya ƙarewa, ga baƙin toka da ya addabi garin tun 2016, ga ƙurar hunturu in an je gida. Kowane dare a goge ta a sa a akwatin busarwa. Batirin da ake yarwa kwana 2 ko 3 yake yi, mai caji kuwa sai da wuta, kun kuma san halin wutarmu, don haka a tanadi na ajiya da ɗan abin caji mai hasken rana. Mai dashe yana shan wuyar jin magana cikin hayaniya, to a gidan haya mai janareta 4 a tsakar gida, a nemi lokacin da gari ya yi shiru don darasi, a kashe talabijin. A ɗaure na'urar da zare a wuyan riga, don in ta faɗi a Keke ko a cunkoson Head Bridge ta tafi ke nan. 'Yan mata suna iya sa ɗankwali da hijabi a kanta, in dai ƙyallen bai danne makirfon yana gogarsa ba. A kiyaye bugu a kai, malamin allo da na boko duk a gaya musu. In wata rana za a yi wa yaro hoton MRI, a sanar da likita yana da dashe tun kafin a shiga ɗakin.

Yanzu maganar kuɗi. Da dala ake sayen na'urar, dubbai masu yawa, don haka duk faɗuwar naira a kanmu take ƙarewa. Kuskuren da jama'a ke yi shi ne su ɗauka kuɗin tiyata shi ne duka. Bayan tiyata akwai komawa saiti wurin masanin awon ji, sau da yawa a shekarar farko, daga baya aƙalla sau 1 a shekara, kuma sau tari tafiyar Legas ce ko Abuja. Akwai kuɗin mai koyar da magana. Wayoyi na tsinkewa, batir na mutuwa, na'urar waje kuma bayan 'yan shekaru sai an sauya ta. Ta ciki kamfanoni kan ba ta garantin shekara 10, ta waje kuwa garantinta bai kai haka ba. Babu abin tausayi kamar yaron da ya fara cewa "Umma", waya ta tsinke, ya koma shiru wata 5 ana jiran kuɗi ko jiran mai zuwa daga waje. Duk mai shirin yi ya tambaya tun farko: wa zai yi saiti, a wane gari, ina ake samun kayan gyara, nawa ne a shekara? Masu zuwa ƙasar waje su fi kowa yin wannan tambaya, su tabbata irin na'urar da za a sa tana da wakili a Nijeriya.

Akwai maganar da muke so ta zauna a zuciyar kowa. Yaron da aka yi wa dashe kurma ne har yanzu. In ya cire zai yi wanka ko barci, ko batir ya mutu, ba ya jin komai. Saboda haka mu ba mu yarda a hana shi maganar hannu ba. Wasu na tsoron in ya iya hannu zai ƙi baki. Abin da muka gani shi ne yaron da ya samu harshe da wuri, ko wane iri ne, ya fi saurin kama na biyu, kuma watannin da ake yi ana haɗa kuɗi bai kamata su wuce yaro na zaune ba harshe ba. Yarinyar da ba ta da hanyar gaya wa uwarta inda ke mata ciwo, ko wanda ya taɓa ta a hanyar aike, tana cikin haɗarin da ya fi rashin ji.

Maganar hannu kuwa harshe ce cikakkiya, mu Hausawa ma muna da tamu tun kaka da kakanni. Wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano ta rubuta littafi a kanta mai suna Maganar Hannu, ya fito a 2000. Wadda ake koyarwa a makarantu daban ce, ta samo asali daga ta Amurka ta hannun Andrew Foster, baƙar fata kurma da ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960, aikinsa kuma ya kai Inugu da Kaduna. A Inugu akwai makarantar kurame a Ogbete, a Kano akwai ta Tudun Maliki tun 1977. Manyan kurame da yawa ba sa kallon kansu a matsayin marasa lafiya, suna da sana'a da aure da zumuncinsu, wasunsu ma ba sa sha'awar dashe. Mu je mu zauna da su, akwai abin da za su koya mana game da 'ya'yanmu wanda likita bai sani ba. Iyalin da ba su samu halin dashe ba, ko likita ya ce bai dace ba, kada su ga kamar sun gaza. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba ɗansu haƙƙin karatu kyauta har sakandare. Wurinsa aji ne, kada a miƙa masa ƙoƙon bara.

A ƙarshe ga roƙonmu ga shugabanni, guda 6.

Na 1, kowane reshe ya rubuta sunayen yaran da ake shakkar jinsu, cikin sirri, ta hannun shugabannin mata, a raka iyayen asibiti.

Na 2, Sarakunanmu su nemi asibitocin koyarwa su turo ma'aikata unguwanninmu gwajin ji, ko da sau 1 ne a shekara. Ranar 3 ga Maris ita ce ranar ji ta duniya, ana iya ɗora shi a kanta.

Na 3, in za a buɗe asusu a raba shi gida 2, na tiyata da na kula da na'ura, kuma kada a fitar da ko kwabo sai kwamiti ya ga takardar likita da lissafin shekara 3 na gaba. Duk neman taimakon da ke yawo a waya a tantance shi kafin a tura wa jama'a.

Na 4, a yi magana da 'yan'uwanmu na Legas da Abuja da Kaduna su tanadi masauki ga uwa da yaro in sun je saiti. Direbobinmu da masu lodin kaya da ke hawa da sauka kullum suna iya sauƙaƙa kuɗin mota da saƙon kayan gyara.

Na 5, a buɗe ajin maganar hannu ranar Asabar ko Lahadi bayan la'asar, kurma ya koyar a biya shi, iyaye da 'yan'uwan yaro da malaman Islamiyya su halarta. Malamai kuma su zaunar da mai na'ura a sahun gaba, su fuskance shi in suna magana.

Na 6, wannan ba ya cin ko sisi. Kowane yaro an yanka masa rago an raɗa masa suna. A kira shi da sunansa, a bar "kurma" da "bebe", kuma a hana yara tsokanarsa ko taɓa abin da ke kansa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mun baro gida neman abinci, a nan ba mu da gwaggo ko kawu a bayan katanga, ƙungiyar nan ita ce danginmu. Duk mai tambaya, ko mai yaron da yake shakka a kansa, ya same mu bayan an tashi, mata su ga matanmu, za mu nuna muku na'urar ku gani da idonku.

Allah ya raya mana zuriya, ya ba marasa lafiya lafiya, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.